In Ji Mai Jiran Rana

Tun da ya bar aikin jarida, ba abin da ya fi yi masa nauyi kamar shiru. A da, kafin ya gama buɗe ido waya ta fara kuka: gini ya rushe a can, ma'aikata sun shiga yajin aiki a nan, maza ka je ka gano mana. Yanzu kuwa wayar tana kwance a kan tebur kamar mushe. Ɗakinsa a saman bene yake, taga ɗaya gare shi, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Akwai gado, akwai tebur, akwai butar shayi ta lantarki, sai wata tsohuwar fanka da ke juyawa tana ƙorafi. Wani lokaci yakan wuni bai ji muryar kansa ba, har in ya sauka sayen burodi sai ya yi gyaran murya kafin magana ta fito.

A ofishin jarida Rikoda suke ce masa. Akwai wuraren da ba a barin mutum ya shiga da na'urar ɗaukar magana, ko ya zaro biro: zauren kotu, ofishin manya, gidan makoki. Shi sai ya koya wa kansa wata dabara. Mutum na magana, shi yana maimaita maganar a ransa, leɓɓansa na motsi kaɗan-kaɗan ba sauti, har ta zauna daram. In ya koma ofis sai ya juye ta a takarda ba ragi ba ƙari, har da "ka gane ko" da "wato" na mai maganar. Duk shekarun da ya yi a aikin, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce an sa masa magana a baki.

Edita, wani gajeren mutum da kullum tabaransa ke goshi, yana da doka guda da yake karanta wa duk sabon shiga. "Suna, ka ɓoye. Gari, ka ɓoye. Sana'a ma in ta kama ka sakaya. Amma maganar mutum amana ce, ba a taɓa ta. Wanda ya gyara maganar majiya, ɓarawo ya fi shi mutunci." Rikoda ya sha wannan doka tun yana saurayi, ta bi jininsa.

Abin da ya raba shi da jarida ba faɗa ba ne. Wata rana ce ya je sayen tumatir, ya ga rahoton da ya sha wahalar haɗawa an shimfiɗa shi a gindin kwando, ruwan ruɓaɓɓen tumatir ya cinye rabin sunansa. Ya tsaya yana kallo har mai tumatir ya ce, "Malam, saye za ka yi ko karatu?" Daga ranar ya ƙudura zai rubuta labarin da zai wuce kwana ɗaya a duniya. Da ya je sallama, Edita ya sauko da tabarau ya dube shi ya ce, "To, daga labari ka koma labari. Allah ya ba da sa'ar ƙarya."

Aure bai yi ba. Wadda ya so ta gaji da jiran mutumin da kullum yake kan hanya, ta kama gabanta. Abokansa duk na ofis ne, da ya bar ofis sai zumuncin ya tsinke a hankali, ba gaba ba faɗa, kamar tsohon zare. Mutum ɗaya ya rage masa a duniya, ita ce Yaya.

Ita ta goya shi bayan rasuwar iyayensu, ita ta wanke masa kayan makaranta har ya girma, kuma har gashinsa ya fara furfura Auta take ce masa. Tana da shagon wanki da guga a ƙasan wani dogon gini, da ɗan fili a baya inda igiyoyin shanya suke. In shirun ɗakinsa ya kai masa wuya sai ya hau bas ya tafi can. Akwai wani bokiti da yake kifewa kusa da teburin guga ya zauna a kai. Ba sai ya ce komai ba. Yaya tana guga tana zuba: wane ya kawo riga da wasiƙar budurwa a aljihu, wance ta rantse zaninta sabo ne alhali ya girmi 'yarta. Tururi na tashi, rediyo na ƙara a kan kanta, shi kuwa yana jin kamar an sauke masa kaya daga ka.

Yaya tana da wata al'ada da duk dangi suka san ta da ita. In ta faɗi maganar da ta yi mata daɗi, sai ta maƙala mata jela, ta mai da ita karin magana. "Riga mai tsada ma datti take yi, in ji mai jiran rana." "Hadari ba ruwa ba ne, in ji mai jiran rana." Mai jiran rana ita ce kanta, don mai wanki ba ta da uban gida sai rana. Yaran dangi har kwaikwayonta suke yi.

Mijinta direban bas ne, mutum mai sanyin hali. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ya yi shekaru yau gida gobe asibiti. Yaya ce ɗaga shi, ita ce kwantar da shi, ita ce wanki da rana, ita ce jinya da dare. Wata rana da la'asar, a kwanciyarsa ta ƙarshe, Auta ya je dubiya ya same ta a kan benci a barandar asibiti, ta zuba hannuwa a cinya. Ya zauna kusa da ita. Can ta yi magana ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Auta, ɗazu numfashinsa ya ɗauke na ɗan lokaci. Ka san abin da ya fara zuwa raina? Ba kuka ba. Cewa na yi, yau dai zan yi barci har gari ya waye. Sai ya ja numfashi. Na ji haushi, wallahi na ji haushi. In zai tafi ya tafi, in zai zauna ya zauna. Kayan da ba su jiƙe ba, ba su bushe ba, su ke wari, in ji mai jiran rana."

Ta share ido da gefen mayafi, ta tashi ta koma ciki ta ci gaba da yi wa mijinta fifita. Bayan 'yan makonni ya rasu, ta yi kukan da sai da aka riƙe ta.

Da Auta ya zauna rubuta littafinsa, labarin wata mata ya ɗauko wadda ke jinyar miji. Ya yi duk abin da ya san ana yi don kare majiya. Ya mai da matar malamar makaranta, ya mai da ciwon shanyewar jiki, ya kai su wani gari mai tashar jirgin ruwa, ya ba su 'ya'ya maza. Amma da ya zo wurin maganar benci, sai ya juye ta yadda take, har da jelarta. Ya ga dai malamar makaranta ba ta da haɗi da jiran rana. Ya ɗora hannu zai goge, hannun ya ƙi. Maganar mutum ba a taɓa ta.

Littafin ya fito, ya karɓu fiye da yadda ya zata, har wani gidan rediyo ya fara karanta shi kullum da rana. Yaya ba ta da haƙurin zama da littafi, amma rediyo abokin aikinta ne. Duk wanda ya kawo wanki sai ta nuna akwatin da dutsen guga ta ce, "Kun ji wannan? Ƙanena ne ya rubuta. Ni na yi masa wankin tsumma."

Sai wata rana ya kira ta a waya ta ɗauka ta ce lafiya lau, aiki da godiya, sai an jima. Ya sake kira washegari, haka. Ya hau bas ya tafi.

Ya tarar bokitinsa cike da ruwa an jiƙa kaya a ciki. Rediyo a kashe. Yaya ta ɗago ta dube shi, ta shiga ciki ta fito da farar kujerar roba ta goge ta da tsumma.

"Sannu da zuwa, marubuci. Ga wuri."

"Yaya, ni ne kuma marubuci yau?"

"To me kake? Ya hanya? Ya aiki?"

Ta kawo masa shayi a kofin tangaran da faranti a ƙasa, irin wanda take ba baƙi. Ta koma kan guga. Ya jawo hira ta nan, ta amsa da "haka ne". Ya jawo ta can, ta ce "Allah ya kyauta". Ba abin da ake ji sai hucin dutsen guga. Shayin ya huce a hannunsa.

Da ya tashi tafiya, 'yar Yaya ta ce za ta taka masa. Budurwa ce, tana karatun jinya, a gida kuwa Lauya ake ce mata don tun tana ƙarama ba a kada ta a gardama. Sai da suka wuce shagon mai walda ta buɗe baki.

"Kawu, ka san abin da ya faru ko in gaya maka?"

"Gaya mini."

"Ranar da aka karanta wurin asibitin nan, muna shago ni da Mama da Gwaggo, yayar Baba. Gwaggo ta kawo labulenta. Mama har ƙara murya ta yi ta ce mu yi shiru. Mai karatu ya zo kan barci har gari ya waye, Gwaggo ta ce, kai, wannan mata ba ta da imani. Sai ya ce in ji mai jiran rana. Ka san yadda shago ya yi? Mama ta bar dutse a kan rigar mutane har ta ƙone. Gwaggo ta naɗe labulenta ba a wanke ba ta fita. Kafin magariba duk dangin Baba sun ji."

Suka iso wurin tsayawar bas. Lauya ta juyo ta tsare shi da ido, idon ubanta sak.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, Kawu. Mama ta ƙi ce mini komai. Ita ta faɗi maganar nan a kan Baba, ko kai ka ƙirƙira ka ara mata jela?"

Ga ƙofa a buɗe. A bangon littafin ma an rubuta ƙagaggen labari ne. Kalma ɗaya za ta wadatar, kuma ba wanda zai kama shi da laifi, don ƙirƙira ita ce sana'arsa yanzu. Ya buɗe baki. Amma bakin da ya yi shekaru bai taɓa musanta maganar da aka faɗa a gabansa ba, bai san hanyar ba. Abin da ya saba faɗa wa lauyoyin gaske da 'yan sanda shi ya fito da kansa.

"A aikinmu ba a bayyana majiya."

Lauya ta yi wata gajeriyar dariya mara daɗi. "Ashe akwai majiya." Ta juya ta tafi, ba ta jira bas ɗin ya zo ba.

Kwanakin da suka biyo baya ya yi su a ɗaki. Ya dafa shayi ya manta da shi. Ya buɗe sabon labarin da ya fara, ya tarar mutanen cikinsa duk sun yi gum, ba mai cewa komai. Da abin ya ishe shi ya tafi tsohon ofishinsu, ko zai sami wanda zai ce masa bai yi laifi ba.

An canza wurin zaman kowa. A teburinsa wata yarinya ce da abin ji a kunne, ba ta ko ɗago ba. Edita dai yana nan, tabarau a goshi.

"A'a! Rikoda! Ƙarya ta ƙare ne ka dawo gida?"

Ya zauna ya ba shi labari. Edita ya saurara yana juya biro.

"Ka sa sunanta?"

"A'a."

"Garinta? Sana'arta?"

"Duk na canza."

"Ka ƙara mata gishiri?"

"Ko harafi."

"To ina laifinka? Ko kotu aka je ka fita." Ya sosa ƙeya. "Sai dai fa ita yayarka ba ta san hira da jarida take yi ba. Ka gaya mata za ka buga?"

"A barandar asibiti, ranka ya daɗe?"

"Ai shi ya sa ni ban taɓa rubuta littafi ba. Mu nan baƙi muke yi wa tambaya, mu buga, gobe a naɗe ƙusa da takardar, kowa ya manta. Kai ka je ka ɗauko na gida, ka kuma sa a abin da ba ya ruɓewa." Waya ta yi ƙara, ya ɗauka, ya ɗaga masa hannu alamar ya jira. Auta ya jira har ya gane an manta da shi, ya tashi ya fita.

A makon ne aka gayyace shi wani shagon littattafai ya yi karatu. Mutane suka cika kujeru, aka tafa masa. Da aka tashi, wata dattijuwa mai sanda ta tsaya har layi ya ƙare, sannan ta matso ta buɗe littafin a shafin da ta naɗe kusurwarsa.

"Ɗana, ni ma na yi jinyar nawa mijin. Abin da matar nan ta faɗa, na faɗe shi a raina, na ɗauka ni kaɗai ce muguwa a duniya. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Da jikata ta karanta mini wurin nan, ranar na ci abinci na ƙoshi. Ta yaya namiji ya san wannan?"

Ya sa mata hannu a littafin, ya ce Allah ya ƙara lafiya. A bas ɗin komawa gida ya zauna kusa da taga, mutane na ta hira a gaba da baya, shi kuwa yana tunanin ba shi da wanda zai ba labarin dattijuwar nan. Mutum ɗaya ce za ta so jin sa.

Sai mai kamfanin ɗab'i ta kira shi, muryarta cike da murna. Littafi ya ƙare a kasuwa, za a sake bugawa, in yana da gyara ya turo da wuri. Ya ji kamar an miƙo masa igiya a rijiya. Ya zauna ya buɗe shafin, ya goge maganar Yaya, ya ce bari ya ƙirƙira wa malamar makaranta tata. Ya rubuta, "Na gaji ƙwarai da wannan jarrabawa." Ya karanta, ya ji kamar sanarwar gwamnati. Ya rubuta wata, ta fito kamar wa'azi. Ya wuni yana rubutawa yana gogewa, fanka na ƙorafi a kansa, har hasken taga ya koma ja. A nan ya fara zargin cewa duk littafin ba abin da ya ƙirƙira sai sunaye da tashar jirgin ruwa. Sauran duk ji ya yi.

Da safe ya koma shagon. Lauya tana makaranta, ba kowa sai Yaya, tana fesa wa wata farar riga ruwa. Ta nufi ciki za ta ɗauko kujerar roba.

"Bar ta, Yaya. A tsaye zan yi magana."

"To."

"Za a sake buga littafin. Zan cire shafin gaba ɗaya. In kina so kuma in je gidan rediyon in ce ni na ƙirƙira, in je wurin Gwaggo in rantse mata."

"Ka rantse a kan ƙarya? Kai?" Ta ɗora dutse a kan rigar. "Ka cire daga takarda, daga kunnen 'yata fa, da me za ka cire?"

"Zan yi mata magana."

"Ka riga ka yi mata ai. Majiya." Ta ja dutsen a kan hannun riga, ta juya shi. "Ni da 'yata mun zauna. Na gaya mata da bakina, ta yi kuka na yi kuka. Jinya take koya, ta fara ganin irina a barandar asibiti. Ba ta gama hucewa ba, amma za ta huce. Gwaggo kuwa, ranar da ƙanenta yake kwance sau nawa ta zo ta kwana? Ta je ta yi ta faɗa. Wannan duk ba shi ya hana ni barci ba."

"To mene ne, Yaya? Gaya mini in gyara."

Ta tsayar da dutsen a kan gindinsa. Tun da ya shigo sai yanzu ta dube shi sosai.

"Ranar nan a benci, ina magana ina kallonka ta gefen ido. Na ga bakinka yana motsi. Na ce a raina, Allah sarki Auta, addu'a yake yi mini, yana roƙa mini gafarar abin da nake faɗa. Shi ya sa na ci gaba. Da na yi niyyar in tsaya a rabi. Na koma wurin mijina da ƙarfina, ina cewa ina da ɗan'uwa. Shekara da shekaru in abin ya taso mini, sai in tuna bakinka yana motsi, in ji sanyi." Ta kama gefen tebur. "Ashe hadda kake yi."

Ya koma barandar a ransa, ya nemi abin da ke zuciyarsa a lokacin. Ya tuna tausayi ya kama shi. Ya tuna ya so ya riƙe hannunta, kunya ta hana. Amma addu'a, ya duba ko'ina bai samu ba. Abin da ya samu maganarta ce, kalma bayan kalma, a jere tsaf.

"Wallahi, Yaya, ban san ina yi ba. Ba da niyya ba ne. Da kansa yake yi."

"To ai shi ne. Da da gangan ne, sai in ce ka daina."

Wani mutum ya leƙo da ƙullin kaya, ta karɓa, suka gaisa, har ta tsokane shi a kan wuyan rigarsa da ya yi baƙi, ya tafi yana dariya. Auta ya ji muryarta ta da, wadda ya yi kewa, ta fito ta wuce ta gabansa ta tafi wurin wani. Da mutumin ya fita, muryar ta bi shi.

Don ya cike shirun, ya ba ta labarin dattijuwa mai sanda. Ta saurara kanta a sunkuye.

"Ta ce ta ci ta ƙoshi?"

"Haka ta ce."

"To ka bar shafin. Ba ƙarya na yi ba, kuma ban fasa son mijina ba don na gaji. A bar wa baiwar Allah abinta."

"Mu fa, Yaya?"

"Mu me? Cikinmu ɗaya, wa ya isa ya canza? Ka zo duk ranar da ka ga dama. In ba ka da lafiya ni zan zo in yi jinyarka, in ka rigaye ni ni zan fi kowa kuka." Ta zare wayar dutsen daga bango ta naɗe ta a hannu. "Amma hira, Auta, na gwada. Jiya ma na ce in ka zo zan ba ka labarin wani abu. Da na hango ka sai bakin ya rufe. Ba ni na hana shi ba. Kai naka yana motsi ba ka sani ba, ni nawa ya ƙi motsi. Kowa da nasa ciwon."

Ya tsaya yana jira ko za ta maƙala wa maganar jela. Ba ta maƙala ba.

Ya ce to, bari ya tafi. Har ya kai ƙofa ta ce, "Tsaya." A kusurwa akwai tulin zannuwan gado na wani masauki, an goge su ana jiran ninki, manya ne, mutum ɗaya ba ya iya su. Ta zaro na sama, ta riƙe kusurwa biyu, ta miƙa masa biyu.

"Kama."

Ya kama. Ta ja da baya har zanin ya miƙe tsakaninsu.

"Ja. Ba haka ba, da ƙarfi."

Ya ja. Suka haɗa gefe da gefe, ta tako ya tako, ta karɓi kusurwoyin daga yatsunsa ba ta dube shi ba, ya sunkuya ya ɗauko ƙasan, suka sake ja da baya. Ta ajiye wannan ta zaro wani. Daga waje ana jin motoci da ƙarar mai walda. A cikin shagon ba a jin komai sai kaɗawar zani, da "kama", da "ja". Tulin yana da yawa, shi kuwa bai yi sauri ba.